Yadda Za Ka Rubuta Insha'in Jarrabawa a Kan Hangen Na Wani da Wadatar Zuci

Duk shekarar da na ba 'yan aji shida na sakandare wannan batu su gwada hannu, abu ɗaya nake tararwa. Kusan kowa zai buɗe da cewa wadatar zuci abu ne mai kyau, hassada kuwa mugun ciwo ce. Sai ya jero karin magana uku, ya ƙara da hadisi, ya rufe da kira ga iyaye da gwamnati. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma takarda arba'in sun koma tamkar takarda ɗaya, kuma babu wadda ta nuna mini cewa mai ita ya zauna ya yi tunani. Abin yana damuna, domin yaran nan sun fi kowa sanin batun. Su ne ake ce wa "dubi ɗan gidan wane," su ne kuma suke kwana suna kallon rayuwar wasu a waya.

Wannan jagora taku ce, kai da ke da kuke shirin WAEC ko NECO. Zan riƙa cewa "ka" don sauƙin magana. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, zaɓen amsa ne, babu insha'i a ciki. Amma ko ka ci maki 300 cikin 400, jami'a za ta nemi kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma insha'i babban kaso ne na takardar Turancin. Mai yin darasin Hausa ma insha'i na jiransa. Misalaina da Hausa suke, hanyar kuwa ɗaya ce ko da wane harshe za ka rubuta.

Da farko, ka san mudun da za a auna ka da shi

A takardar Turanci ta WAEC, insha'i maki 50 ne. Ana son kalmomi 450 zuwa sama, ana kuma ba da shawarar ka kashe kamar minti 50 a kai. An kasa makin gida huɗu: 10 na abin da ka faɗa, 10 na yadda ka tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Wannan goman na ƙarshe kowane kuskure yana gutsurar rabin maki daga cikinsa, wato kuskure ashirin ya cinye shi ƙurmus. A takardar Hausa kuma ka karanta umarnin da ke saman tambayoyin, ka bi adadin kalmomin da aka nema.

Ka lura da inda maki ya fi yawa: sarrafa harshe. Wasu suna ɗauka hakan na nufin manyan kalmomi. A'a. Jimlar da ta fito sarai daga tunanin da ya nuna ita ce take cin wannan maki. Wanda bai san abin da yake son faɗa ba, jimlolinsa kewaye-kewaye suke yi komai yawan kalmomin da ya haddace.

Sai ka gane irin rubutun da aka nema

Batu ɗaya yana iya zuwa da riga iri-iri. Ga siffofi uku da nake ba ɗalibaina, ni na tsara su don atisaye. Na ɗaya muhawara: "Kwatanta kai da wasu ya fi cutar da matasa fiye da amfanar su. Goyi baya ko ka yi suka." Na biyu wasiƙa: "Rubuta wa ƙanenka da ya karaya saboda abokansa sun samu gurbin jami'a shi bai samu ba." Na uku labari: "Rubuta labarin da zai fito da ma'anar karin maganar nan, kwaɗayi mabuɗin wahala."

Ka ja layi ƙarƙashin kalmar umarni. Muhawara tana son gaisuwa ga shugaban taro da alƙalai, da ɓangare ɗaya da ka tsaya a kai. Wasiƙa ga ƙane tana son adireshi ɗaya da kwanan wata da muryar yaya, ba muryar mai wa'azi a kan mumbari ba. Labari kuwa yana son mutane da wuri da abin da ya faru. Na sha ganin ɗalibi mai basira ya yi asarar maki don an ce ya ba da labari shi kuma ya yi bayani.

Akwai wata siffa ta huɗu da na aro daga ƙasar Sin. A can, jarrabawar shiga jami'a da suke kira gaokao tana farawa ran 7 ga Yuni, kuma fiye da mutum miliyan 13 ne suka yi rajistarta a 2024. Takardar harshensu maki 150 ce, a yawancin larduna 60 daga ciki na insha'i ne, na aƙalla harafi 800 irin nasu. Sau da yawa ba a ba ɗalibi batu kai tsaye. Ɗan gajeren labari ko zance ake ajiye masa, a ce ya ciro jigon da kansa. Ban ga atisayen da ya fi wannan tilasta wa yaro tunani ba, shi ya sa za ka same shi a ƙarshen jagorar nan.

Mataki mafi nauyi: rarrabe kalmomin

A nan ake cin insha'in ko a faɗi, don haka zan daɗe a wurin.

Ɗauki takardar gwaji ka rubuta kalmomin nan: koyi, gasa, ƙyashi, hassada, ganin ido. Dukkansu daga kallon wani suke farawa, amma ba wuri ɗaya suke kaiwa ba. Mai koyi ya ga abokinsa ya fi shi Lissafi, sai ya tambaye shi yadda yake karatu. Mai gasa ya ƙudura sai ya kamo shi a zango mai zuwa. Mai ƙyashi ya ji zafi a ransa ya yi shiru. Mai hassada yana fatan abokin ya faɗi, ko da shi ba zai ƙaru da komai ba. Mai ganin ido kuma ba Lissafin ne ya dame shi ba, so yake a ce shi ma wani ne, ko da da aro.

A ɗaya gefen ka rubuta: wadatar zuci, godiya, rufin asiri, mutuwar zuciya. Ukun farko 'yan gida ɗaya ne. Ta huɗun baƙuwa ce da take shigowa sanye da kayansu. Ɗan kasuwar da yake buɗe shagonsa da sassafe, ya yi cinikinsa tsakani da Allah, ya koma gida ba tare da motar maƙwabci ta hana shi barci ba, wannan mai wadatar zuci ne. Saurayin da ya ƙi karatu ya ƙi sana'a, yana zaman kashe wando yana cewa "rabon kwaɗo ba ya hawa sama," zuciyarsa ce ta mutu. Idan insha'inka bai raba waɗannan biyu ba, mai karatu mai hankali zai tambaye ka: to, kana nufin kowa ya naɗe hannu ke nan?

Masana ma sun yi aiki a kan wannan. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, Leon Festinger, ya kawo bayanin cewa mutum yana da buƙatar sanin matsayin iyawarsa da ra'ayinsa, kuma idan babu tsayayyen ma'auni sai ya auna kansa da mutane, musamman waɗanda suke kusa da shi a matsayi. Ka duba rayuwarka za ka ga haka ne. Dukiyar Aliko Ɗangote ba ta hana ka barci. Sabuwar wayar wanda kuke zama benci ɗaya ita ce take tsaya maka a rai. Amfanin wannan ga insha'inka shi ne, ba za ka ɓata lokaci kana cewa a daina kwatanta kai da wasu ba, tunda ɗabi'a ce. Tambayar da ta fi ita ce: da wa, a kan me, kuma me za ka yi da abin da ka gani?

Ga wani binciken da nake so ƙwarai. A 1995, Victoria Medvec da Scott Madey da Thomas Gilovich sun wallafa nazari a kan wasannin Olamfik na Barcelona na 1992. Sun nuna wa mutane bidiyon fuskokin 'yan wasa, aka auna farin cikinsu. Sai aka ga waɗanda suka zo na uku, masu tagulla, sun fi na biyu masu azurfa nuna murna. Mai azurfa yana hangen sama, yana cewa saura ƙiris da zinare nawa ne. Mai tagulla yana duban ƙasa, yana cewa saura ƙiris da na tashi a tutar babu. Wanda ya fi samu ya fi baƙin ciki, don kawai inda ya ajiye idonsa. Misali ɗaya irin wannan, idan ka kawo shi daidai, ya fi karin magana biyar da aka jera ba bayani.

Ɗauki matsaya, a jimla ɗaya

Kafin ka taɓa takardar amsa, rubuta abin da kake son tabbatarwa cikin jimla guda. "Wadatar zuci tana da muhimmanci" ba matsaya ba ce, don babu mai musu. Gwada irin wannan: "Kallon na gaba yana da amfani idan hanya kake nema, yana zama guba idan darajar kanka kake aunawa da shi." Ko kuma: "Wadatar zuci a kan abin hannu take, ba a kan ƙoƙari ba." Kowace cikinsu wani zai iya ja da kai, kuma abin da ake so ke nan. In muhawara ce aka ce ka zaɓi ɓangare, ka zaɓa ɗin, kada ka raba ƙafa.

Tara hujja, ka fara da abin da idonka ya gani

Minti uku sun isa. Ka tuna bikin da aka yi a unguwarku, inda aka ci bashi don akwatunan lefe su kai na gidan wane. Ka tuna anko da wata ta matsa wa mahaifiyarta sai an saya, alhali kuɗin makaranta na jira. Ka tuna ranar da sakamakon JAMB ya fito, kowa yana ɗora makinsa a WhatsApp, da yadda wanda ya ci 230 yake murna har sai da ya ga 280 na wani. Ka kuma tuna kishiyar haka: yarinyar da ta ga yayarta ta zama ma'aikaciyar jinya, ta ce ita ma za ta iya, ta kuma dage. Irin waɗannan babu wanda zai rubuta su kamar kai.

Bayan nan sai nassi. A Suratun Nisa'i aya ta 32 an hana burin abin da Allah Ya fifita wasu da shi a kan wasu, a Suratul Baƙara aya ta 148 kuma an yi umarni da yin rige-rige wajen ayyukan alheri. Ka ga an hana wani irin hange, an kwaɗaitar da wani. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a dubi na ƙasa kada a dubi na sama, don kada a raina ni'imar Allah. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Ɗalibi Kirista yana da 1 Timoti 6:6 da Galatiyawa 6:4. Shawarata ita ce ka kawo ɗaya, wanda ka tabbatar da lafazinsa da inda yake, ka kuma bayyana yadda ya shafi matsayarka. Nassi ya fi ƙarfin a jefa shi don cike layi.

Karin magana ma haka. Ɗaya ko biyu sun wadatar. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura" ta dace da mai kwaikwayo ido rufe. "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni" ta dace da mai rayuwar aro. Idan da Turanci kake rubutu, kada ka juya karin maganar Hausa kalma da kalma. Ka faɗi ma'anarta cikin sauƙi, ko ka ce ga abin da Hausawa ke cewa sannan ka bayyana.

Tsari da rabon lokaci

Minti 50 ɗin ka kasa su haka: 7 na tunani da tsari, 36 na rubutu, 7 na dubawa. Sakin layi biyar ko shida. Gabatarwa kamar kalma 60, uku na tsakiya kowanne 100 zuwa 110, sai kammalawa. Kowane sakin layi aiki ɗaya zai yi. Ka ƙirga kalmomin da kake samu a layi ɗaya tun a gida, don ka san layi nawa ne 450 da rubutun hannunka.

Yanzu rubutu

Ga buɗewar da na gaji da gani: "Wadatar zuci wata aba ce mai matuƙar muhimmanci a rayuwar ɗan Adam ta yau da kullum." Ga kuma wadda take sa in gyara zama:

"Ranar da sakamako ya fito, maƙwabcina ya ci 230, ya fito yana sujjadar godiya. Kafin la'asar ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Makinsa bai ragu ba ko da ɗaya. Abin da ya faru shi ne ya ga na abokinsa. Wannan ya sa nake ganin ba abin da muka samu ne yake yanke mana farin ciki ba, wanda muke aunawa da shi ne."

Jimla biyar, ga mutum, ga abin da ya faru, ga matsaya. In muhawara ce, gaisuwa ta fara zuwa sannan wannan.

Sakin layin tsakiya kuwa ka gina shi kamar ɗaki: magana, misali, bayani. Ga samfuri:

"Babbar illar auna kai da wasu a yau ita ce ma'aunin kansa na jabu ne. Wanda ya ɗora hotonsa jikin mota bai ɗora bashin da ke kansa ba, amaryar da aka nuna kayan ɗakinta ba a nuna gonar da mahaifinta ya sayar ba. Kai kuwa ka san naka ciki da bai, har da ramukan. Don haka kana gwada dukan rayuwarka ne da minti ɗaya da wani ya zaɓa ya nuna maka. Duk wanda ya yi awo da irin wannan mudu, dole ya ga nasa bai cika ba."

Sai abin da yawancin ɗalibai ke tsallakewa, alhali shi ne yake nuna balagar tunani: ka ba abokin hamayya haƙƙinsa. Ka ce, "Wani zai ce in ba don kallon na gaba ba, da babu mai motsawa, kuma yana da gaskiya. Ɗalibin da bai taɓa ganin wanda ya fi shi ba zai ɗauka ya gama iyawa." Daga nan ka nuna iyakar gaskiyar tasa: kallon da ya ƙare da tambayar "yaya ya yi?" yana kai ka ga littafi, wanda ya ƙare da "me ya sa shi ba ni ba?" yana kai ka ga ƙunci. Ba ka rushe matsayarka ba, ƙarfafa ta ka yi.

A kammalawa kada ka sake jero abin da ka faɗa, kada kuma ka ɗora wa gwamnati abin da ba nata ba. Koma wa mutumin da ka buɗe da shi. Me ya kamata maƙwabcin nan mai 230 ya yi washegari? Ya duba makin da kwas ɗin da yake so ke buƙata, ya tambayi mai 280 littattafan da ya karanta, ya kuma ci abincinsa. Jimla uku ko huɗu sun isa.

In labari ka zaɓa, mutum biyu ko uku sun ishe ka, da wuri ɗaya, da kuskure ɗaya da jarumin ya tafka da hannunsa. Ka bar abin da ya faru ya fito da ma'anar karin maganar. Kada ka tsaya a tsakiya kana wa'azi.

Dubawa

Minti bakwai na ƙarshe maki ne a zube. A Turanci ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata lokacinsu bai sauya ba dalili, ka duba babban baƙi a farkon jimla da sunaye. A Hausa ka duba ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, domin "kafa" daban "ƙafa" daban. Ka duba rabo da haɗin kalma: "yana" da "suna" a haɗe suke, "a kan tebur" a rabe, "akan yi" a haɗe, "littafina" a haɗe. Taƙaitaccen rubutun da ka saba da shi a waya kuwa, ka bar shi a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Atisayen mako huɗu

Makon farko kada ka rubuta cikakken insha'i. Kullum ka ɗauki tambaya ɗaya, ka fitar da jimlar matsaya da hujja uku cikin minti bakwai. Mako na biyu ka rubuta muhawarar sau biyu, sau ɗaya kana goyon baya, sau ɗaya kana suka, don ka ji ƙarfin kowane ɓangare a hannunka. Mako na uku wasiƙa da labari, da agogo a gabanka. Mako na huɗu ka sake rubuta wanda ya fi rauni cikinsu daga farko.

Ka samu aboki ku riƙa musayar takarda, kowa ya ba ɗan'uwansa maki bisa gida huɗun nan. A nan batun zai biyo ka har gida, domin wata rana takardarsa za ta fi taka. Idan hakan ta faru, ka nemo sakin layi ɗaya da ya burge ka a tasa, ka tambaye shi yadda ya gina shi. Sannan ka ajiye duk takardunka da kwanan wata, ka riƙa ƙirga kurakuran ta yau kana gwadawa da ta makon jiya.

Ga aikin yau, a siffar nan ta ƙasar Sin. Manoma biyu maƙwabta ne. Na farko ya samu buhu 20 na gero, bara 15 ya samu, amma ya kwana da baƙin ciki don wani manomi na uku da ke kusa da shi ya samu 30. Na biyu ya samu buhu 10, bara ma 10, shekaran bara ma 10, ya ce alhamdulillahi, bai kuma taɓa leƙa gonar kowa ya ga irin da suke shukawa ba. Ciro jigo da kanka, ka sa wa rubutun kai, ka rubuta kalma 450 cikin minti 50. Kafin ka fara, ka amsa wa kanka a gefen takarda: cikin su biyun wa ya yi kuskure, kuma kuskuren nasu iri ɗaya ne?